Kwana Biyun da Lauratu Ta Roƙa

Tun kafin ta buɗe ido Lauratu ta miƙa hannu gefen katifar inda ta kwantar da jaririyarta, ta shafa ta ji wayam.

Babu komai a wurin sai zanen goyo.

Ta yunƙura da ƙarfi za ta tashi, ɗinkin da ke ƙasan cibiyarta ya fizge ta kamar an saƙala masa ƙugiya an ja. Kwana huɗu ke nan da aka yi mata tiyata aka ciro yarinyar, jiya aka sallamo su daga asibiti, ko zama sai an tallafe ta. Amma ba ta tsaya kiran kowa ba. Ta dafe cikin da hannu ɗaya, ɗayan ta bi bango da shi, ta fito tsakar gida a duƙe. Rana ta take, an ɗauke wuta tun safe, simintin yana ƙona mata tafin ƙafa ba ta ma ji ba.

A falon surukarta Hajiya Delu ta same su.

Zahra, yayar mijinta, tana zaune a kan kafet da jaririyar a cinya, ta tura mata bibero, kwalbar madarar jarirai, a baki. Gefenta jaka ce a buɗe, an jera 'yan rigunan da Lauratu ta ɗinka da hannunta lokacin da cikin ya tsufa.

"Yaya Zahra... me kike ba ta?"

"Abin da ke kika kasa ba ta," in ji Zahra, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Hajiya Delu ta ajiye carbinta. Ba ta ɗaga murya ba, ita dama ba ta ɗagawa. Ta ce wa Lauratu ta koma ta kwanta, jikinta bai kai na yawo ba. Ta ce sun yi shawara, gobe da safe Zahra za ta tsallaka da yarinyar Kuseri, inda take aure, tunda tana da goyon wata biyar, ruwan nononta zai ishi biyu. Ita kuwa Lauratu a mayar da ita unguwarsu Gardole wurin Inno da ta raine ta, ta yi jinya, in ta warke a ga abin da Allah zai yi.

"Hajiya, Kuseri fa wata ƙasa ce..."

"Gada ɗaya ce tsakani."

"Kwananta huɗu a duniya."

"Wancan kwanansa tara," in ji Zahra.

Lauratu ta jingina da ƙofa. Da ƙyar ta iya haɗa tambayar da take tsoron amsarta.

"Fa'iz ya sani?"

"Shi ya kawo jakar."

Shekara uku ke nan da aurenta da Fa'iz. A bakin gadar Ngeli suka haɗu, ranar da ɗan klando, mai babur na haya, ya kayar da ita da ƙunshin atamfofin da ta sayo daga Kuseri don ɗinki. Mutane suna ta wucewa, shi kaɗai ya tsayar da motarsa ya tsince mata yadin ɗaya bayan ɗaya yana kakkaɓewa, sannan ya kai ta har ƙofar gida. Bayan sati ya dawo da yadi wai a ɗinka masa riga, alhali ta gaya masa ita kayan mata kawai take ɗinkawa.

Gidansu ba su so auren ba. Su tsofaffin 'yan kasuwa ne a unguwar Klemat, tun zamanin Turawa kakansu ya kafa shago. Ita kuwa jikar mahajjatan ƙafa ce, waɗanda suka taso za su Makka guzuri ya yanke musu a Njamena suka zauna. Zahra ta fi kowa zaƙewa, don ta riga ta yi wa ƙanenta tanadin ƙawarta. Fa'iz ya tsaya kai da fata har aka ɗaura.

Shekara ta zagayo Lauratu ta haifi namiji a gida. Ranar kwana na tara zazzaɓi ya rufe shi, kafin a kai asibiti jikinsa ya saki, ya cika a hannunta a cikin mota. Likita ya ce ciwo ne ya shiga ta cibiya. Amma bayan kwana uku Zahra ta zo da wata tsohuwa, aka sa Lauratu ta tatsa nononta a ƙoƙo, aka jefa tururuwa a ciki. Tururuwar ta yi 'yan wutsil-wutsil ta mutu. Tun daga ranar maganar ta zauna a dangi: nonon Lauratu ba shi da kyau.

Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, amma ita ma rabin zuciyarta ta yarda.

Shi ya sa wannan karon, duk lokacin da ta ɗora yarinyar a ƙirji, sai ta tuna ƙoƙon nan. Tana so ruwan ya zo, tana kuma tsoron zuwansa. Ga shi har yau bai zo ba, sai ɗan ɗigo mai kauri ruwan ɗorawa. Yarinyar kuma da ta kama ta ɗan tsotsa sau biyu sai ta saki ta yi barci, kamar wadda ba ta da buƙata.

Sai yanzu Lauratu ta gane dalili. Ta dubi kwalbar, ta dubi Zahra, ta tambaye ta tun yaushe. Zahra ta ce tun a asibiti, duk lokacin da maganin ciwo ya sa ta barci. Ta faɗa babu ko ɗar, ta ƙara da cewa ai rai ta ceta.

Da yarinyar ta ƙoshi suka bar ta ta ɗauke ta. Ta koma ɗaki ta tura ƙofa, ta zauna a bakin gado da ita a hannu har aka kira la'asar.

Bayan sallah Fa'iz ya dawo daga shago. Ta ji takunsa ya zo ƙofar ya tsaya, ya daɗe kafin ya turo. Bai shigo ciki sosai ba. Tun ranar tiyatar haka yake mata: ya tsaya nesa, ya tambayi jiki, idonsa a ƙasa, ya fita. Mutumin da a da ba ya iya cin abinci sai gwiwarsa tana taɓa tata.

"Ya jikin, Laure?"

"Kai ka kawo jakar?"

Ya mayar da idonsa bango.

"Habibi, dube ni mana... kai ma ka yarda ni na kashe shi?"

"Subhanallahi. Kar ki sake faɗin haka."

"To me ya sa za ka raba ni da ita?"

Ya ce don lafiyarta ne, ya ce na ɗan lokaci ne, ya ce Hajiya ta fi su sanin waɗannan abubuwa. Duk maganar nan bango yake kallo. Ta yi niyyar ta yi faɗa, sai ta ji muryarta ta fito ƙasa-ƙasa.

"Kwana biyu nake roƙo. Gobe da jibi. A ɗauke kwalbar nan, a bar ni da 'yata. In ruwan bai zo ba..." Ta kasa ƙarasawa.

Ya ce zai yi wa Hajiya magana, ya fita da sauri kamar wanda ake kora. Tana jin muryoyinsu daga falo, ta Zahra ta fi tashi. Can ya leƙo ya ce Hajiya ta amince, amma ranar Alhamis da safe za a tafi, babu ƙari.

Da ya fita ta jawo waya ta kira Inno, ƙanwar kakarta da ta raine ta tun rasuwar mahaifiyarta. Tana jin muryar tsohuwar sai kuka ya ƙwace mata. Inno ba ta tambayi dogon bayani ba, ta ce ta share hawaye, gari na wayewa tana tafe.

Ba ita kaɗai ta zo ba. Tare suke da Madam Hafsa, maƙwabciyarsu a Gardole, ungozomar asibiti da ta yi shekara talatin tana karɓar haihuwa kafin ta ajiye aiki. Gajeriyar mace ce mai faɗi, da tabarau a rataye a wuya. Ta gaishe da Hajiya Delu cikin ladabi, rabi Hausa rabi Larabci, ta yi mata mabruk, wato barka, sannan ta nemi ruwa da sabulu ta wanke hannu har gwiwar hannu.

Yarinyar ta fara dubawa. Ta kware ta, ta taɓa maɗigarta, ta buɗe bakin ta leƙa, ta duba cibiya. Ta tambayi sau nawa ta jiƙa kunzugu tun jiya, babu wanda ya ƙirga. Ta tambayi da wane ruwa ake dama madarar. Zahra ta ce na randa, ai mai sanyi ne mai kyau. Madam Hafsa ta cire tabarau ta dube ta, Lauratu ta ga yadda fuskarta ta canza, gabanta ya faɗi.

"Madam, wani abu ya same ta?"

"Ba abin da ya same ta tukuna. Amma za mu sa ido. In kika ga gudawa, ko jikinta ya yi zafi, ko ta ƙi farkawa, ba Kuseri ba, ba ni ba, asibiti kai tsaye. Kin ji?"

Ta sa kowa ya fita sai Inno. Ta taimaka wa Lauratu ta cire riga, ta sa aka kawo tawul da ruwan ɗumi ta gasa mata ƙirjin, sannan ta nuna mata inda za ta ɗora babban yatsa da manuni, can baya da kan nonon, ta danna ciki ta matse a hankali. Ɗigo ya fito, mai kauri, ya tsaya. Madam Hafsa ta tare shi da ƙaramin cokali.

Lauratu ta kau da kai. Ta ce shi ke nan abin da take da shi, kuma ma ba ta san ko mai kyau ba ne. Ta ba ta labarin ƙoƙon da tururuwar, abin da ba ta taɓa furtawa da bakinta ba.

"Tururuwa?" Madam Hafsa ta ce. "'Yata, tururuwa ko a ruwan zamzam kika jefa ta, nitsewa za ta yi. Ɗanki cibiyarsa ce ta ɗauki ciwo, Inno ta nuna mini takardar asibiti tun lokacin. Wannan da kike rainawa dakashi ne, shi ne abincinta na farko kuma shi ne rigakafinta. Cikin nata ma yanzu bai fi ƙwallon goro ba."

Ta ɗiga wa yarinyar a gefen baki. Yarinyar ta motsa leɓe ta lashe.

Daga nan ta yi mata bayani tana aiki. Ta ce mace in an yi mata tiyata, ballantana ta zubar da jini, ruwan nono yakan yi jinkiri, ba ƙin zuwa ya yi ba. Ta ce shi nono tsotso ne ke kiransa, in an cika wa jariri ciki da kwalba ba zai tsotsa ba, in bai tsotsa ba jiki sai ya ɗauka ba a buƙata. Ta ce a ɗora ta duk lokacin da ta motsa baki, in ta wuce awa biyu tana barci a tashe ta, bayan ta gama a tatsa abin da ya rage a ba ta da cokali. Ta ce ciwo da fargaba su ma suna riƙe ruwa, don haka ta sha maganin ciwon da likita ya rubuta mata a kan lokaci, ta daina jurewa wai kar ya shiga nono. Ta ci, ta sha ruwa duk lokacin da ta ji ƙishi. In kuma har aka ga yarinyar tana buƙatar ƙari, likita ne zai faɗa, da tafasasshen ruwa, a ƙaramin kofi.

Ta tuɓe yarinyar daga ita sai kunzugu, ta kwantar da ita a tsakiyar ƙirjin uwar, fata da fata, ta lulluɓe su da zane mara nauyi. Lauratu ta ji ɗumin ɗan jikin, ta ji bugun zuciyarta ƙanana-ƙanana a kan tata. Tun da aka ciro ta ba ta taɓa jin ta haka ba.

Matsalar ita ce riƙon. Duk yadda ta ɗora ta a cinya sai ƙafafun yarinyar su taɓa ɗinkin, ta gantsare don zafi, yarinyar ta saki. Madam Hafsa ta ce a bi da ita ta ƙarƙashin hammata, jikinta a kan matashi a gefe, ƙafafunta su nufi baya. Amma sai da mai tallafa mata baya da mai miƙo mata yarinyar, ga hannun Inno yana rawa saboda tsufa.

"Ina mijin?" in ji Madam Hafsa.

Aka kira Fa'iz. Ya zo ya tsaya a inda ya saba tsayawa.

"Shigo, Alhaji ƙarami. Zauna nan bayanta, ta jingina da kai."

Bai motsa ba. Lauratu ta sunkuyar da kai, kunya da baƙin ciki suka rufe ta, a gaban Inno mijinta yana ƙyamar taɓa ta. Madam Hafsa ta dube shi ta dube ta, sai ta ce wa Inno su je su ga ko kunun ya yi. Suka fita suka ja ƙofa.

Yarinyar ta yi ɗan gurnani.

"In warin jego ne ya dame ka, ka tafi," Lauratu ta ce. "Zan iya."

Sai ta ji wani sauti da ba ta taɓa ji daga gare shi ba. Ta ɗago. Fa'iz ya durƙushe a bakin ƙofa, ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna girgiza.

Da ƙyar maganar ta fito, gutsure-gutsure. Ya ce shi aka miƙa wa takarda ya sa hannu kafin a shiga da ita. Ya ce an ce minti arba'in, ya yi awa uku a tsaye a baranda. Wata ma'aikaciya ta fito da gudu tana neman jini, takalmanta duk jini, kuma ya san na wane ne. Da aka fito da ita leɓenta fari fat, ya kira sunanta ba ta amsa ba. Tun ranar, in ya rufe ido abin da yake gani ke nan. In ya zo zai taɓa ta sai ya ga kamar ɗinkin zai buɗe a hannunsa.

"Yaya Zahra ta ce mini shayarwa jini take sha. Ta ce wadda ta zubar da jini kamar naki, in yarinya ta kama ta, ƙarasa ta za ta yi. Laure, na binne ɗa... ba zan iya binne ki ba. Na ce gara ki tsane ni kina raye."

Lauratu ta daɗe tana kallonsa. Kwana biyar tana zaton ya gama da ita, ashe shi ma a cikin nasa tsoron yake, shi kaɗai.

"Zo nan," ta ce.

Ya taso a hankali.

"Ba zan fashe ba, habibi. Zauna."

Ya zauna a bayanta kamar mai zama a kan ƙwai. Ta jingina da ƙirjinsa, ta ji zuciyarsa tana dukan bayanta. Ta kama hannunsa ta ɗora a ƙarƙashin kan yarinyar. Da Madam Hafsa ta dawo ta same su haka, sai ta gyara matashin, ta shafa kan nonon a leɓen yarinyar har ta wangale baki, ta tura ta ciki da sauri. Yarinyar ta kama. Wannan karon ba ta saki ba.

Fa'iz ya tambayi Madam Hafsa maganar jinin, kansa a ƙasa. Ta ce ƙarya ne, tsotson ma shi ke taimaka wa mahaifa ta koma, jinin ya tsaya. Abin da matarsa take buƙata abinci ne, da maganin ƙarin jinin da aka ba ta, da miji a kusa.

Ranar bai koma shago ba, washegari ma haka. Ya samo takarda yana yin zane ɗaya duk lokacin da yarinyar ta jiƙa kunzugu. Shi ke wanke cokali da ruwan zafi, shi ke riƙe kofi Lauratu ta sha, shi ke tashin yarinyar yana shafa mata tafin ƙafa. Inno ta tare a kicin tana dama kunun gyaɗa da na kanwa, tana dafa romon kaza. Hajiya Delu tana ganin shige da ficen, ba ta hana ba, ba ta kuma leƙo ba.

Amma ruwan bai zo ba.

Laraba ta wuni yarinyar tana kuka. Da babu kwalba yunwa ta taso mata, ta kama ta tsotsa ta saki ta tsandara ihu har fuskarta ta yi ja. Kan nonon Lauratu ya tsage. Abin da ake tatsowa ya ƙaru daga rabin cokali zuwa cokali biyu, ya ɗan yi fari, amma a idon Lauratu ba komai ba ne. Kowane kuka sai ta taɓa goshin yarinyar ta ji ko zafi ne, ta duba kunzugu ta ga ko gudawa ce. Ta tsakar gida tana jin Zahra tana cewa za a kashe yarinya da yunwa saboda taurin kai. Da yamma Madam Hafsa ta zo ta duba takardar Fa'iz, zane huɗu. Ta ce ba laifi, amma tana son ganin shida. In gobe da azahar bai ƙaru ba, za su je asibiti tare a auna ta a ji ta bakin likita.

Alhamis da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Zahra ta shigo da lafayarta a naɗe, jakar a hannu.

Lauratu tana zaune da yarinyar a ƙirji. Ita ta roƙi kwana biyu, an ba ta, sun ƙare. Ta ƙanƙame yarinyar.

Fa'iz ya miƙe ya tsaya a bakin ƙofa, ya cika ta.

"Matsa, Fa'iz, rana tana yi. Gada za ta cika."

"Ba inda za ta, Yaya."

"Ruwan ya zo ne?"

"Bai zo ba."

"To?"

"Ko ya zo ko bai zo ba, 'yata ba za ta kwana inda uwarta ba ta ba. In madara ce likita ya ce, a nan za a ba ta, a hannun Laure."

Zahra ta juya ta kira Hajiya ta zo ta ji abin da 'yar Gardole ta mayar da ɗanta. Hajiya Delu ta fito a hankali. Fa'iz ya durƙusa a gabanta, amma bai bar bakin ƙofar ba. Ya ce ta yafe masa, bai taɓa tsallake maganarta ba, yau ma ba raini ba ne. Ya gaya mata abin da Zahra ta ce masa game da jini, da ruwan randar da aka yi ta dama wa jaririya madara da shi a ɓoye, da abin da Madam Hafsa ta ce zai iya biyo baya.

Hajiya ta dubi 'yarta. Ta tambaye ta ko gaskiya ne ruwan ba a tafasa ba. Zahra ta fara kame-kame. Hajiya ta ɗaga mata hannu.

"Na rasa jika ɗaya a gidan nan," ta ce. "Tsoron kar in rasa na biyu ne ya sa na biye miki. Ajiye jakar. Ki gaida mutanen Kuseri."

Zahra ta dangwarar da jakar ta fita, ko sallama babu.

Lauratu ba ta samu ta yi murna ba, don har yanzu ga yarinya ga yunwa. Suka ci gaba kamar jiya. Wajen azahar, Fa'iz yana alwala, ta ji ƙirjinta ya yi nauyi, ya ɗau zafi, wani abu yana tsattsarga mata kamar ana tsira ƙananan allurai. Tsoro ya kama ta, ta ɗauka zazzaɓi ne. Ta ɗora yarinyar don ta ji sauƙi.

Sai ta ji tsotson ya canza. Ba irin na sauri-sauri mai gajiya ba, ja ne mai tsawo, sannan ɗan sauti a maƙogwaro. Ƙut. Ja, sannan ƙut. Ɗaya ɓangaren kuma ya fara ɗiga da kansa, fari tas, yana jiƙa mata zane.

"Fa'iz..."

Ya shigo da gudu da ruwa a fuska, ya ɗauka wani abu ne ya faru.

"Saurara," ta ce.

Ya durƙusa ya kawo kunnensa kusa da wuyan yarinyar. Ya ji. Ya ɗago ya dubi matarsa, sai ya kifa goshinsa a gwiwarta. Inno tana bakin ƙofa tana ta hamdala tana share ido da gefen mayafi. Yarinyar ta sha har ta saki da kanta, hannuwanta da suka kwana biyu a dunƙule suka buɗe, madara tana gangarowa ta gefen bakinta.

Da Madam Hafsa ta iso ta ce duk da haka sai an je an auna, aka je. Likita ya ce ta rame kaɗan amma ba abin tsoro ba ne, babu zazzaɓi, a ci gaba da nono zalla a dawo bayan kwana goma.

Da suka dawo, Hajiya Delu da kanta ta shigo ɗakin da kwanon farfesu. Ta ajiye, ta tsaya tana kallon jikarta tana sha. Ba ta ce a yafe mata ba. Ta dai gyara wa Lauratu matashin bayanta, ta ce, "Ci da zafinsa, 'yata." Tun da aka kawo Lauratu gidan, ranar ce ta fara kiran ta haka.

Aka yi suna, yarinya ta ci sunan Sa'adiya. Zahra ba ta zo ba, ta aiko da turmin atamfa ta hannun mijinta, kuma sai da aka yi watanni kafin ta sake taka gidan.

Ranar komawa asibiti, ma'aikaciya ta ɗora Sa'adiya a sikeli tana ta wutsil-wutsil. Lauratu ta riƙe numfashi har allurar ta tsaya. Ta mayar da nauyin haihuwarta, har ta ɗara. Ma'aikaciyar ta ce ko me suke yi su ci gaba.

A hanyar gida Fa'iz yana tuƙi kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, kowane rami sai ya kusa tsayawa. 'Yan klando suna ta danna masa oda suna zagaye shi, wani har ya leƙo ya tambaye shi ko motar ta lalace ne a tura masa.

"Habibi, a haka sai ta yaye kanta kafin mu kai Klemat."

"Ta yaye. Ba na sauri."

Dariya ta kama Lauratu, ɗinkin ya ja ta, ta dafe ciki tana cewa wash tana ci gaba da dariyar. Ya taka birki a tsakiyar titi a firgice yana tambayar ko ya juya asibiti. Ta girgiza kai, hawaye na zuba, ta kamo hannunsa daga kan giya ta riƙe.

"Kai mu gida kawai," ta ce. "'Yarka ta fara neman abincinta."